Gidan Firatanati Ko Hostal? Da Batun Sayen Littattafai A Jami'ar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatun injiniya a wata jami'ar jiha a Amurka, biza ta fito, a watan Agusta zan tashi in Allah ya yarda. Tallafin da aka ba ni na kuɗin makaranta ne kawai, kwana da abinci da littattafai Baba ne zai ɗauka. Wani ɗalibin makarantar da muka haɗu a WhatsApp ya ce akwai ɗaki a gidan firatanati ɗinsu, wato ƙungiyar 'yan'uwantakar ɗalibai maza, ya fi hostal araha nesa ba kusa ba, in sa hannu tun yanzu kada a riga ni. Baba kuma ya ce ai ƙungiyar asiri ce. Sannan littattafan zangon farko da na gani a shafin kantin makaranta sun kai kusan dala 700. In saya tun kafin in tashi? Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki, Allah ya sa a tafi a sa'a a dawo a sa'a. A can na yi karatu, daga baya na yi shekaru ina aiki a ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na wata jami'a, don haka irin takardar da ake so ka sa wa hannu na karanta ta ba sau ɗaya ba, yawanci bayan mai ita ya riga ya sa hannu ya zo ido ya raina fata. Shawarata a taƙaice: kada ka sa hannu a takardar gidan nan, kuma kada ka sayi littafi ko ɗaya sai ka zauna a ajin farko ka ji daga bakin malamin. Ga dalilai.

Tsoron Baba yana da tushe, kada ka ɗauke shi tsoron tsofaffi. Duk wanda ya san jami'o'in Najeriya ya san abin da ƙungiyoyin asiri suka yi wa 'ya'yan mutane. Kuma su ma da sunan 'yan'uwantakar ɗalibai suka fara: a 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ba da nufin zubar da jini ba, daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu har abin ya koma gatari da bindiga. To firatanati na Amurka ba haka yake ba. Ƙungiya ce mai rajista, jami'a ta san da ita, akwai ofishin da ke sa mata ido, gidanta yana bakin titi da manyan haruffan Girkanci a goshinsa, membobinta suna yawo da haruffan a ƙirjin riga. Asirin da ke ciki bai wuce rantsuwar shiga da salon musafaha da ma'anar haruffan ba. Ta maza ita ce firatanati, ta mata kuma sororiti.

Abin ya tsufa. Ƙungiyar farko mai sunan haruffan Girkanci, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776 a Kwalejin William da Mary da ke Bajiniya, ko da yake yanzu ta koma ta karrama haziƙai. Irin ta zumunci da muke magana a kai ta soma da Kappa Alpha a 1825 a Kwalejin Union ta jihar New York. Da aka daɗe ana rufe wa baƙaƙen fata ƙofa sai suka kafa nasu: Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga, da Alpha Kappa Alpha ta mata a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris take ciki. Ka faɗa wa Baba cewa Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duka 'yan Phi Beta Sigma ne, a zamanin zamansu na Amurka suka shiga. Har Musulmi sun kafa tasu a 2013 a Jami'ar Texas da ke Dallas, suka kira ta Alpha Lambda Mu, daga Alif Lam Mim. Na kawo wannan ne don in yi wa abin adalci. Akwai waɗanda suka samu abokan arziki a ciki, akwai waɗanda tsohon memba ya buɗe musu ƙofar aiki bayan sun gama, kuma ƙungiyoyin suna tara kuɗin taimako na gaske.

Amma ba tarihi za ka kwana a ciki ba, gida za ka kwana. Na shiga irin gidajen nan da safiyar Lahadi. Tafin takalminka yana manne wa daɓe saboda giyar da ta zube ta bushe, jajayen kofunan roba ko'ina har kan matakala, wani yana barci a kujerar falo da takalminsa, warin wurin kuwa sai ka fita ka yi tafiya kafin ya bar maka hanci. Samari 30 ko 40 ne a gida ɗaya, babu babba a kansu sai shugaban da suka zaɓa a tsakaninsu, wanda shi ma shekararsa 21. Ba duka gidajen ne haka ba, wasu sun haramta giya a cikin gida gaba ɗaya. Sai dai daga Kano ba ka da hanyar sanin wanne ne wannan, hoton da aka turo maka kuwa an ɗauke shi ne ranar da aka yi shara. A wasu jami'o'in tsakiyar ƙasar ma za ka tarar ɗakin da aka nuna maka na ajiye kaya da karatu ne, barci kuwa a wani babban ɗaki ake yi a saman bene, gadaje masu hawa biyu a jere, tagogi a buɗe ko ana zuba dusar ƙanƙara. Ka yi tunanin kwas ɗin lissafi na shekarar farko ta injiniya a irin wannan wuri, da kiɗa daga daren Alhamis zuwa asubahin Lahadi, da tashinka sallar asuba kana tsallake mutane.

Akwai kuma abin da ya fi hayaniya muni. Mai son zama memba sai ya bi matakai: makon zagaye gidaje ana ganin juna, sai a miƙa masa goron gayyata, sai makonnin gwaji kafin a rantsar da shi. A makonnin gwajin nan ake gasa wa sababbi aya a hannu, hana barci, aike-aiken wulaƙanci, da tilasta shan giya. A watan Fabrairun 2017 wani yaro ɗan shekara 19, Timothy Piazza, ya faɗo daga matakala a gidan Beta Theta Pi na Jami'ar Jihar Pennsylvania bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa. Kusan awa 12 aka yi yana kwance kafin wani ya kira motar asibiti, kuma bai tashi ba. Iyayensa da wasu iyayen da suka rasa 'ya'ya ta wannan hanya suka yi ta fafutuka har aka sa hannu a dokar tarayya a watan Disamban 2024, wadda ta wajabta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin waɗannan laifuka a fili. Saboda haka kafin ka amince da kowace ƙungiya, ka nemi shafin da jami'arka take jera waɗanda aka hukunta ko aka dakatar. Idan ka ga an janye wa ƙungiyar abokin nan naka amincewa amma har yanzu suna riƙe da gida a wajen makaranta, magana ta ƙare.

Kai kuma kana da abin da ɗan ƙasa ba shi da shi: biza a wuya. Doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba shan giya, kuma ba wa ƙaramin yaro giya laifi ne. Ranar da 'yan sanda suka shigo gidan biki ba za su tsaya tantance wanda ke ɗaki yana karatu ba, sunayen mazauna gida za su ɗauka. Wiwi ma wasu jihohi sun halatta ta, amma a dokar tarayya haramun ce har gobe, kuma dokar tarayya ce take riƙe da bizarka. Ɗan Amurka zai biya tara, ubansa ya ɗauko lauya, ya koma aji ranar Litinin. Kai kamu ɗaya yana iya jawo a soke maka biza. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ko da kai ko ɗanɗanawa ba ka yi ba.

To me ya sa ɗakin ya yi araha? Gidajen nan yawanci mallakar wani kamfani ne na tsofaffin membobi, akwai bashin banki da inshora da haraji a kansu, kuma duk gadon da ya zauna babu kowa sauran ne za su raba kuɗinsa. Shi ya sa suke neman ɗan haya daga waje. Abokin naka ba lallai mugu ba ne, gado yake son cikewa. Amma ka tambaye shi: a matsayin ɗan haya zan shiga ko memba? In memba ne, akwai kuɗin shiga, da kuɗin ƙungiya kowane zango wanda kan tashi daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dubbai gwargwadon gidan, da kuɗin riguna da na bukukuwa, har da tarar rashin halartar taro. In ɗan haya ne, takardar sau da yawa ta wata 12 ce alhali karatu wata 9 ne, za a riƙe kuɗin ajiya saboda ɓarna, wasu kuma za su nemi mai tsaya maka da ke zaune a Amurka. Kuma takardar haya a can ba maganar fatar baki ba ce da za a je wurin mai unguwa a sasanta. Wani yaro ya taɓa zuwa ofishinmu a watan Oktoba, ya sa hannu tun yana gida, ya kasa zama, ya kwashe kayansa ya koma ɗakin abokinsa yana kwana a ƙasa. Ya ajiye mini takardar a tebur, shafi goma sha, hannunsa yana rawa. Muka bi ta layi-layi tare da lauyan ɗalibai na makaranta, babu ƙofar fita sai in ya samo wanda zai maye gurbinsa. Har watan Janairu yana biyan hayar ɗakin da ba ya kwana, da kuɗin da mahaifiyarsa ta sayar da fili ta turo. Wannan yaron nake gani duk lokacin da aka ce mini "sa hannu yanzu kada a riga ka". Ban da haka ma, tura kuɗi ga wanda ba ka taɓa gani ba, kan ɗakin da ba ka taɓa shiga ba, ita ce hanyar da 'yan damfara suka fi kama sababbin ɗalibai.

Wani abin kuma da wataƙila bai faɗa maka ba: jami'o'i da yawa suna wajabta wa ɗan shekarar farko zama a hostal. Ka duba takardun da aka aiko maka. In jami'arka tana cikin masu wajabta haka, to haya biyu za ka biya.

Hostal ya fi tsada, ban musa ba. Amma a cikin kuɗin akwai wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet, ƙofa ba ta buɗuwa sai da katinka, aji kuma tafiyar ƙafa ce. Kowane bene yana da wani babban ɗalibi da makaranta ta ɗauka don kula da mazauna, suna ce masa RA. In zama ya ƙi daɗi da abokin ɗakinka, shi za ka gaya wa, kuma ana sauya wa mutum ɗaki ba tare da ya yi asarar sisi ba. Wannan damar sauyawa ita ce ainihin abin da kake saye da bambancin kuɗin. Lokacin cike fom ɗin ɗaki ka nemi bene na maza zalla in akwai, domin a gine-gine da yawa maza da mata bene ɗaya suke, ɗakuna ne kawai daban. Ka nemi kuma benen da aka ware wa marasa shaye-shaye ko masu son shiru. Ka rubuta gaskiya cewa kana tashi da asuba. Ranar farko ka zauna da abokin ɗakinka ka yi masa bayani: sau biyar nake salla, ga inda zan shimfiɗa dadduma, in ina yi ba na amsa magana, ba fushi ba ne. Yawancinsu suna girmama wannan fiye da yadda kake zato. Ka kuma yi maganar baƙi tun wuri, musamman kwanan budurwa a ɗaki, domin makaranta tana ba ku takardar yarjejeniyar zama ku cike tare, kuma abin da ka ji kunyar faɗa a watan Agusta shi zai hana ka barci a watan Nuwamba.

Ka sa buta a jaka, ƙaramar ta roba, don ba za ka same ta a kantunan kusa da makaranta ba. In ka yi alwala a banɗakin da kuke rabawa ka goge ruwan da ya zuba, wannan ɗan abin yana jawo ƙorafi fiye da kima. Turaren wuta kuwa ka bar wa Hajiya kayanta. An hana kunna shi a hostal, da kyandir, da rishon lantarki. Na ga daren da wata ɗaliba ta ɗora turare a kan garwashi don kewar gida ta dame ta, na'urar gano hayaƙi ta ɗauka, ƙararrawa ta tashi ginin gaba ɗaya, ɗaruruwan mutane suka fito cikin dusar ƙanƙara da kayan barci suna jiran 'yan kwana-kwana su gama dubawa. Ta yi kuka sosai a daren nan, kuma ba laifinta ba ne, ba wanda ya gaya mata. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ka tafi da su, amma ka bayyana su a takardar kwastam. Kilishi da dambun nama ba sa shiga, ƙwacewa ake yi, ɓoyewa kuma tara ce. Zanin gado ka bari sai ka isa, katifun hostal sun fi na gida tsawo.

Abinci: mazaunin hostal yawanci dole ne ya sayi tsarin cin abinci na ɗakin cin makaranta, ana cirewa daga katinka duk shiga. Kada ka zaɓi mafi girma, kusan kowa yana barin saura. Ka je wurin shugaban kicin ka tambayi inda ake ajiye na halal, ka kuma koyi sunayen da naman alade yake ɓuya a ciki, irin jajayen yankan da ake jerawa a kan fiza da ɗan soyayyen da ake barbaɗawa a kan ganye ko cikin miya. In azumi ya zo makarantu da yawa suna ba da ƙunshin sahur, amma sai an nema. Masu nema kuwa su ne ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSA, wadda aka kafa tun 1963 a Jami'ar Illinois, kuma da wuya ka je babbar jami'a ba ka same ta ba. Su za su nuna maka ɗakin Juma'a, su kai ka kantin nama, kuma a cikinsu ko cikin ƙungiyar ɗaliban Afirka za ka samu waɗanda za ku kama gida tare a shekara ta biyu, bayan ka ga mutum ka ga halinsa. A nan arahar gaskiya take: ku uku ko huɗu, tukunya ɗaya, kowa ya san kowa. Lokacin rajistar kwasa-kwasai kuma ka lura da azahar ɗin Juma'a, don ranar aiki ce a can, kuma awannin ɗakin gwaji suna son faɗawa daidai wannan lokaci.

Yanzu littattafai, inda nake ganin za ka ceto wa Baba kuɗi masu kauri. Dala 700 ɗin da ka gani farashin sababbi ne a kantin makaranta, kantin kuma a jami'o'i da yawa ba na makarantar ba ne, kamfani ne irin Barnes & Noble ko Follett yake gudanar da shi don riba. Jerin da ke shafinsu ya haɗa wanda malami ya wajabta da wanda ya ce yana da kyau a duba, wani lokaci har da wanda sashe ya saka shekara da shekaru ba wanda ya cire. A ranar farko kowane malami zai ba ku silabus, takardar da ta ƙunshi abin da za a karanta mako-mako, ranakun jarrabawa da yadda ake raba maki. A nan za ka ji wani ya ce tsohon bugu ya wadatar, wani ya ce babi huɗu kawai za mu taɓa kuma zan ɗora muku, wani ya ce littafin kyauta ne. Sannan makon farko ko biyu lokacin sauya kwas ne, kana iya ajiye wani ka ɗauki wani. Wanda ya saya tun daga gida ya sayi littafin ajin da ƙila ba zai zauna ba. In kuma ka yage ledar da aka naɗe sabon littafi da ita, kanti ba ya karɓa a farashin da ka saya. A ƙarshen zango za su saya daga hannunka, amma da abin da bai taka kara ya karya ba, in ma sabon bugu ya fito su ce ba sa so.

Ba kamar handawut ɗin da ka sani a gida ba ne, inda wani malamin yake rubuta sunan wanda ya saya. A can malami bai damu da inda ka samo ba, ya dai ga ka karanta. Don haka abin da kake buƙata daga jerin nan shi ne lambar ISBN ta kowane littafi, lamba 13 da ke bayan bango. Dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta sa jami'o'i su riƙa nuna ta tare da farashi a jadawalin kwasa-kwasai, don ɗalibi ya iya nema a wani wuri. Da ita za ka fara da laburare: malamai da yawa suna ajiye kwafi a teburin aro na ɗan lokaci, ka karɓa na awa biyu ko uku ka karanta a ciki, akwai na'urar ɗaukar hoton shafi kyauta. In babu, laburaren yana iya aro maka daga wata jami'a. Bayan nan sai 'yan shekara ta biyu na sashenku, waɗanda littafin yake ƙarƙashin gadonsu suna neman wanda zai ba su ko nawa ne. Sai gwanjon intanet irin AbeBooks da eBay da Amazon, sai haya na zango guda, wanda za ka mayar a ranar da aka sa, in ka makara a caje ka kuɗin littafin. Ka duba OpenStax ma, shirin Jami'ar Rice da ya fara a 2012, yana da littattafan lissafi da fiziks da kemistiri na shekarar farko kyauta, malamai ne suka rubuta aka tantance. Ko malaminka ba shi yake bi ba, bayani na biyu yana taimakawa ranar da na farko ya ƙi shiga.

Akwai kuma bugun ƙasashen waje, mai bango mai laushi da takarda marar kauri, wanda ake bugawa don kasuwannin Indiya da makamantansu a kan kaso kaɗan na farashin Amurka. Za ka ga an rubuta a bangon cewa ba na sayarwa a Amurka ba ne, kada wannan ya firgita ka. Wani ɗalibi ɗan Tailan, Supap Kirtsaeng, wanda ya yi karatu a Cornell, ya riƙa sa danginsa suna sayo masa irin waɗannan yana sayarwa. Kamfanin John Wiley ya kai shi kotu aka yanke masa biyan dala 600,000. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, a 2013 alƙalai 6 cikin 9 suka ce wanda ya sayi littafin da aka buga bisa ƙa'ida, ko a ina aka buga shi, yana da ikon sake sayar da shi. Saye halal ne a doka ke nan. Hattara ɗaya: a littattafan injiniya sukan sauya lambobin tambayoyin ƙarshen babi, ko su mayar da ma'auni daga inci da fam zuwa mita da kilo. In malami ya ce a yi tambaya ta 14 a babi na 3, ka gwada da littafin abokinka kafin ka ɓata dare kana amsa wata daban. Haka ma tsohon bugu. Kai kuma kada ka ce za ka yi sana'ar Kirtsaeng, sayar da naka da ka gama da shi ba komai, amma kasuwanci da bizar ɗalibi matsala ce.

Inda dabara take ƙarewa shi ne lambar shiga, wato lambar da ake saya don buɗe shafin aikin gida na intanet. Manyan kamfanonin ɗab'i sun ga gwanjo yana cinye musu kasuwa, sai suka mayar da aikin gida kan intanet: Pearson yana da MyLab, McGraw Hill yana da Connect, Cengage yana da WebAssign da MindTap. In malaminka a nan yake ba da aikin gida, dole ka sayi lambar, mutum ɗaya take yi wa aiki, ta zango ɗaya ko biyu, ba a aro ba a gado. A ganina wannan zalunci ne, a ce ɗalibi sai ya biya kafin ya miƙa aikin da aka sa shi, amma maki yana ciki, ba yadda za ka yi. Abin da zai rage maka zafi: lambar yawanci tana zuwa da littafin a kwamfuta, don haka ba ka buƙatar na takarda. Kada ka sayi gwanjon da aka ce "da lamba a ciki", kusan kullum an riga an yi amfani da ita. Kuma Pearson da McGraw Hill suna ba da kimanin mako biyu na shiga kyauta a farkon zango, ka yi amfani da su har ka tabbatar kana zama a kwas ɗin. Sannan ka buɗe takardar kuɗin makarantarka ka karanta layi-layi. Jami'o'i da yawa yanzu suna saka kuɗin littattafan kwamfuta kai tsaye a ciki ba tare da sun tambaye ka ba. Kana da ikon cewa ba ka so, amma akwai ranar ƙarshe, yawanci cikin makonnin farko. Wani lokaci tsarin ya fi araha, wani lokaci bai fi ba, sai ka lissafa kwas-kwas. Abin takaici shi ne wanda ya sayi littafi a waje alhali an riga an caje shi a ciki.

Za a nuna maka shafukan da ake sauke littattafai na sata. Haƙƙin mutane ne, kuma yin haka da intanet ɗin makaranta, wanda ke ɗauke da sunanka, yana iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa. Wanda ya fi wannan hatsari shi ne shafukan da ke ba da amsoshin aikin gida. Abin da muke ɗauka taimakon juna, ka ba ni naka in kwafa, a can babban laifi ne da ke jawo faɗuwa a kwas ko dakatarwa, dakatarwa kuma tana taɓa biza. In abu ya shige maka duhu, kowane malami yana da awannin da yake zama a ofis ƙofa a buɗe don ɗalibai kawai, kuma sau da yawa shi kaɗai yake zaune ba wanda ya zo. Ka je. Ba raini ba ne, ba kuma neman suna ba ne. In kuɗin littafi ya gagare ka ma ka gaya masa kai tsaye, da yawa suna da kwafin da kamfani ya ba su kyauta a kan kanta.

Kan taimaka wa Baba: bizar ɗalibi, wato F-1, ta yarda ka yi aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci a hutu. Ɗakin cin abinci da laburare su ne suka fi ɗauka, kuma guraben suna cikewa a makon farko, don haka ka nema da wuri. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, jihohi da jami'o'i da yawa suna biyan fiye da haka. Zai sayi littattafai da sabulu da katin waya, ba zai biya hayar ɗaki ba, kada ka yi wa Baba alkawarin da ba za ka cika ba. Aiki a wajen makaranta ba tare da izini a rubuce ba, ko na gidan mai ne ana biyanka a hannu, karya sharaɗin biza ne. Haka sauka ƙasa da kiredit 12 a zango, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ka ɗauka. Kafin ka ajiye kowane kwas, ka fara biyawa ta ofishin ɗaliban waje, wurin jami'in da ya sa hannu a takardarka ta I-20, wadda makaranta ta aiko maka ka nemi biza da ita. Jami'a kuma ba ta aika wa iyaye sakamako sai da izinin ɗalibi, wata doka ce ta 1974. Ni dai ina ganin wanda ya ɗauki nauyinka ya cancanci ya gani, ka cike fom ɗin izinin ka ba shi.

Abu na ƙarshe da za ka tambayi ofishin gidaje tun yanzu, kafin ka zaɓi gini: wane hostal ne yake zama a buɗe lokacin hutun hunturu? Da yawa ana kulle su daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, 'yan ƙasa su tafi gida, ɗakin cin abinci ma ya rufe, a bar baƙo da akwati a lokacin da rana take faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar kuma sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Akan ware gini ɗaya ko biyu da ba a rufewa, wani lokaci da ƙarin kuɗi kaɗan. Shi za ka sa a zaɓinka na farko. Abokin nan na WhatsApp kuma ka yi masa godiya, ka ce in ka iso za ka zo ka ga gidan da idonka, ka zaɓi safiyar Lahadi. Ka gaishe mini da Baba.